Kuɗin Kirifto: Wa Ke Riƙe da Mabuɗin Dukiyarka?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a wannan jarida mai farin jini in ja hankalin matasa da 'yan kasuwar Katsina, musamman masu odar kaya daga Sin da masu hulɗa da Maraɗi ta Jibiya, waɗanda suka fara biyan kuɗi da USDT, wato kuɗin kirifto (kuɗin intanet) da aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka. A Disambar 2023 Babban Bankin Najeriya ya janye takunkumin da ya sa wa bankuna tun Fabrairun 2021 na hana su hulɗa da harkar kirifto, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta sanya kadarorin kirifto ƙarƙashin SEC, hukumar kula da hada-hadar hannayen jari. Hukuma ta sassauta ke nan. Sauran tambaya ɗaya: lambar da kake gani a fuskar waya, taka ce?

Kuɗin ba a cikin wayar yake ba. Yana rubuce ne a kundin bulokcen, wanda dubban kwamfutoci a duniya ke riƙe da kwafinsa. Abin da ke hannunka mabuɗi ne, wato kalmomin sirri 12 ko 24 da walat, manhajar ajiye kirifto, ke ba ka ranar da ka buɗe shi. Duk wanda ya san su, shi ne mai dukiyar, ko da ɓarawo ne. Idan kuwa a manhajar kamfanin musaya ka bar kuɗin, mabuɗin na wurinsu, kai bashi kake bin su. Masu ajiya a kamfanin musaya na FTX sun gane haka da ya durƙushe a Nuwambar 2022. Na CBEX kuwa, manhajar zuba jarin da ta rufe da kuɗin mutane a Afrilun 2025, ribar da suke kallo kullum zane ce kawai a allo.

Saboda haka a rubuta kalmomin da biro a takarda, bisa jerin da suka zo, kwafi biyu, a adana a wurare daban. Kada a ɗauke su hoto, kada a tura wa kai ta WhatsApp, kada mai gyaran waya ya gan su. Kafin a zuba kuɗi mai kauri, a sa ɗan kaɗan, a goge walat ɗin, a dawo da shi da kalmomin. In kuɗin ya bayyana, rubutun daidai ne. Mutane da yawa sai ranar da waya ta faɗa ruwa suke gano sun tsallake kalma ɗaya.

Wajen turawa ma akwai rami. USDT tana tafiya a kan hanyoyi da dama: adireshin Tron da harafin T yake farawa, na Ethereum da 0x. Abin da ke rikita mutane shi ne na BNB ma da 0x yake farawa, don haka a tambayi mai karɓa wace hanya yake so, kada a yi kirdado. A fara tura dala biyar, ya ce ta iso, sannan a tura saura. A kuma bar 'yan TRX (kuɗin hanyar Tron) ko ETH (na Ethereum) a walat na ladan aike, in ba haka ba kuɗin ya maƙale kana kallonsa. Abin da ya tafi ya tafi, babu manajan da za ka kai wa kuka.

Mai sayar da kirifto kai tsaye ga wani kuma kada ya sake shi don ya ga alat. Ya shiga manhajar bankinsa ya ga kuɗin da idonsa, ya duba sunan wanda ya turo ya yi daidai da na mai saye. Kuɗin da ya fito daga asusun wani daban yakan zama na zamba, kuma asusun da ya karɓa ake rufewa.

Sai masu tallar "kason fili" ko "kason zinare" a bulokcen. Kundin zai tabbatar kana da alamar kason, amma bai san ko filin na nan ba. Dokar filaye ta 1978 ta ɗora ƙasa a hannun gwamna, kuma mai takardar mallaka ba ya sauya wa filinsa hannu sai da amincewarsa. A nemi ganin takardar, a san sunan wa ke kanta, a bincika ko kamfanin na da rajista da SEC. USDT kanta kamfanin Tether ne ke fitar da ita, kuma yana iya daskarar da kuɗin da ke adireshin da ya zarga.

Abin da ya fi damuna shi ne gado. Mutum ya rasu da kalmominsa a ka, alƙali ba shi da bankin da zai rubuta wa takarda, marayu ba su ma san da dukiyar ba. Mai kirifto ya rubuta a wasiyyarsa cewa yana da walat da kuma inda takardar take, ba tare da ya sa kalmomin a ciki ba, ya shaida wa amintattu biyu. Ina roƙon malamanmu su shigar da wannan cikin karatun rabon gado da na zakka.

Wassalam.

Daga wani mai karatunku,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.