Takardar Koke Kan Ƙayyade Yawan Baƙi da Tsarin Kama Gurbi a Gandun Dajin Yankari

Daga al'ummomin ƙauyukan da ke maƙwabtaka da Gandun Dajin Yankari, Ƙaramar Hukumar Alkaleri, Jihar Bauchi.

Zuwa ga Mai Girma Hakimi, ta hannun Dagatai da Masu Unguwanni.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da addu'ar Allah Ya ja zamaninka, Ya ƙara maka lafiya da basirar riƙon jama'a, mu talakawanka manoma da makiyaya da 'yan tireda da malaman makaranta da matan da ke sana'ar abinci a bakin hanya mun haɗu mun rubuto wannan takarda domin ka duba, idan ta yi maka daidai ka isar da ita ga Mai Martaba Sarki da Shugaban Ƙaramar Hukuma, su kuma su miƙa ta ga gwamnatin jiha wadda gandun yake hannunta. Ba ƙarar kowa muka kawo ba. Abin da muke roƙo shi ne a ƙayyade yawan baƙin da za su shiga sansanin Wikki, masaukin baƙi da ke cikin gandun, a kowace rana, a kuma tsara yadda mutum zai kama gurbi tun kafin ya baro gida, amma a yi wannan tsari ta hanyar da ba za ta rufe ƙofa ga mutanen da ke kwana suna tashi a gefen dajin ba.

Ba sai mun ba ka tarihin Yankari ba, domin ka fi mu saninsa, sai dai muna so takardar ta tsaya da ƙafarta idan ta isa gaban waɗanda ba su san ƙasar ba. An keɓe wannan daji a 1956, aka buɗe shi ga masu yawon buɗe ido a watan Disamba na 1962, Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi ta mayar da shi gandun ƙasa a 1991, sannan ya dawo hannun Jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, kuma a cikinsa ne ɗaya daga cikin manyan garkunan giwaye da suka rage a Najeriya yake kiwo, tare da ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da dorina da ragowar zakuna. Wanda ya ji wannan faɗi zai ce ina ruwan daji irin wannan da cunkoso, ai ko mutum dubu nawa suka shiga ba za a gan su ba. Amma baƙi ba sa bazuwa cikin dajin. Kusan duk wanda ya shigo ta ƙofar Mainamaji wuri guda ya nufa, wato sansanin Wikki da maɓuɓɓugar ruwan ɗumin da ke ƙarƙashinsa, wadda faɗinta bai wuce mita 13 ba, kuma ɗuminta yana nan a kan digiri 31 rani da damina, dare da rana. Nan ne ƙuncin yake.

A ranakun da ba na hutu ba, mutum yana iya tsayawa a bakin ruwan Wikki ya hango farin yashin da ke ƙasa kamar babu ruwa a tsakani. A washegarin Sallah, ko tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara, ko lokacin da makarantu suka haɗu a mako guda suka kawo ɗalibai, abin da idonmu ya gani daban ne. Jama'a suna cika ruwan har yaro ƙarami ya nutse a gefen mutum ba a lura ba, wasu suna shigowa da sabulu da omo su yi wanka da wanki kamar a rafin gari, robobin ruwa da ledoji suna taruwa a gindin bishiyoyi, kuma kiɗan da ake saki daga motoci yana kaiwa har inda dabbobi ke saukowa shan ruwa. Abin takaicin shi ne lokacin da baƙi suka fi yawa shi ne rani, daidai lokacin da tafkunan daji suka ƙafe, dabbobi suka tattaru a kwarin kogin Gaji domin ba su da wani wurin sha. Idan motoci suka jeru a hanyar kwarin ɗaya bayan ɗaya, giwa takan ja garkenta ta nausa cikin kurmi, baƙon da ya biya kuɗinsa ya koma gida bai ga komai ba sai ƙura, ya je yana cewa babu dabbobi a Yankari.

Akwai kuma batun gwaggon biri, wanda mutane ke ɗauka abin dariya ne alhali ba haka ba ne. Ɗaya daga cikin malaman da suka sa hannu a wannan takarda ya raka ɗalibansa sansanin, yana tsaye wani ƙaton gwaggon biri ya sauko daga rufin ɗaki ya fizge ledar burodi daga hannun wata yarinya 'yar aji huɗu, ya koma gefe ya zauna yana yage ledar da haƙori, yarinyar kuwa ta kasa ko kuka saboda firgita. Dabbar da ta saba samun abinci a hannun mutane ta daina tsoron mutum, kuma yawan jama'a marar iyaka shi ke ƙara mata wannan sabo, domin a cikin taro mai yawa ba a rasa mai jefa biskit don ya ɗauki hoto, ma'aikaci ɗaya ko biyu kuma ba za su iya sa ido a kan kowa ba. Haka gadu yake yawo tsakanin ɗakuna yana tonon shara. Kogwannin Marshall da rijiyoyin Dukkey, waɗanda magabata suka haƙa da hannunsu a cikin dutse, su ma ba abin da za su jure wa tattaki da rubuce-rubucen suna a bango ba ne.

Saboda haka, ranka ya daɗe, mu da kanmu muke neman a sa iyaka, duk da cewa wasu daga cikinmu da yawan baƙin suke cin abinci. Ba mu kawo adadi ba, domin wannan aikin masana ne da ma'aikatan gandu da ƙungiyar kare namun daji ta WCS da ke aiki a dajin, su ne za su auna abin da ruwan da ɗakunan kwana da hanyoyin kallon dabbobi za su ɗauka. Abin da muke ba da shawara shi ne a bambanta masu kwana da masu wuni, a raba shiga ruwan zuwa zango-zango na safe da rana da yamma, a kuma ƙayyade motocin da za su fita kallon dabbobi a lokaci guda. Wannan ba baƙon abu ba ne a duniya. A ƙasar Ruwanda, mutum takwas kawai ake bari su ziyarci kowane iyali na goggon birin tsauni, wato gorila, a rana, kuma awa ɗaya suke yi a wurin, wannan ƙayyadewa ba ta kashe kasuwar ba, sai ma ta ɗaga darajarta, har ƙasar take ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin da gandunanta suka samu domin ayyukan ƙauyukan da ke kewaye da su.

Yin rajista tun daga gida zai kuma raba matafiya da wahalar da muke gani da idonmu. Daga garin Bauchi zuwa sansanin tafiya ce ta fiye da kilomita 100, daga ƙofar Mainamaji kaɗai zuwa Wikki akwai fiye da kilomita 40 a cikin daji. Motar da ta taso daga Kano ko Jos ko Maiduguri cike da mata da yara, ta iso da la'asar sakaliya ta tarar babu ɗaki, ba ta da zaɓi sai ta juya cikin dare ko ta nemi mafaka a ƙauyukanmu, kuma sau da yawa mu muke shimfiɗa musu tabarma a zaure da harabar masallaci. Ba ma ƙyashin baƙo, baƙonka annabinka, amma da an san adadin masu zuwa tun da wuri da ba a kai ga haka ba.

To, a nan ne muke roƙon ka tsaya mana, domin tsoronmu yana tafiya tare da buƙatarmu. Mun ga yadda irin wannan tsari yake kasancewa idan aka ɗora shi kacokan a kan babbar waya da intanet. Alhazanmu da suka je Madina a 'yan shekarun nan sun ba mu labarin shiga Rauda, wadda yanzu sai da izinin da ake nema ta manhajar Nusuk: tsarin ya rage turmutsitsi, amma dattijon da bai iya latsa waya ba sai ya nemi wani ya yi masa, in bai samu ba ya haƙura. Idan aka ce gurbin shiga Yankari sai ta intanet kuma sai da katin banki, to mazauna Abuja da Legas za su kwashe guraben Sallah tun wata guda kafin ranar, yaron da aka haifa a inda ake jin kukan giwa da dare kuma ya tsaya a bayan ƙofa. A yawancin ƙauyukanmu sai mutum ya hau tudu ko ya fita bayan gari kafin ya samu sabis, kuma mafi yawan magidanta ƙaramar waya ce a hannunsu.

Mu ne muke biyan kuɗin zaman dabbobin nan da guminmu. Duk manomin da gonarsa ke kusa da iyakar gandu ya san daren kaka, lokacin da dawa ta sunkuyar da kai kuma masara ta bushe a kara, yadda ake kwana a kan rumfa da tocila da garwa ana kaɗawa ana ihu don a kori giwaye. Idan garke ya ratsa gona a dare ɗaya, da safe ba abin da mai gona zai tarar sai karan da aka tattake da manyan sawu kamar faifai da tulin kashi mai tururi, abincin shekara ya tafi. Duk da haka ana ce mana kada mu taɓa su, kuma mun yarda, mun hana 'ya'yanmu farauta, makiyayanmu suna kewaye dajin da shanunsu ko da ciyawar ciki ta fi kyau, muna kuma kai rahoto idan muka ga baƙuwar fuska da bindiga. Wanda ya ɗauki wannan nauyi bai kamata a ce sai ya yi takara da mai kwamfuta kafin 'ya'yansa su ga abin da yake tsarewa ba.

Don haka muna roƙon a ware wani kaso na guraben kowace rana, mu a ganinmu kashi ɗaya cikin biyar, ga mazauna ƙauyukan da ke iyaka da gandun, a kan kuɗi mai rangwame, shaidar kuwa ta zama takarda daga Mai Unguwa ko Dagaci, tunda su suka san kowa da gidansu. Idan hantsi ya yi ba a cike wannan kaso ba, a sayar wa duk wanda ya zo, don kada gwamnati ta yi asara. Muna roƙon kama gurbi ya kasance ta hanya fiye da ɗaya: ta intanet ga mai iyawa, ta kiran waya ko saƙon tes ga mai ƙaramar waya, da kuma teburi a ƙofar Mainamaji da sakatariyar Alkaleri da cikin garin Bauchi inda mutum zai biya kuɗi a hannu a ba shi rasit. Makarantun gwamnati na wannan ƙaramar hukuma a ba su ranaku na musamman a tsakiyar mako, domin yaron da ya ga giwa tana shayar da ɗanta da wuya ya girma ya zama mai ɗana mata tarko.

Sai batun 'yan cuwa-cuwa. Duk inda abu ya yi ƙaranci sukan ɓullo, kuma ba ma so a wayi gari wasu sun saye tikitin Sallah sun tsaya a mararrabar Dindima suna sayarwa ninki biyu. A rubuta sunan mai tikiti a jiki, a ƙayyade adadin da mutum ɗaya zai saya, a manna farashi da adadin guraben rana a allo a bakin ƙofa da Hausa da Turanci, a kuma riƙa sanarwa a gidajen rediyo idan guraben wata rana sun cika. Ya kamata a fayyace tun farko abin da zai faru da kuɗin wanda rasuwa ko rashin lafiya ko lalacewar mota ta hana shi zuwa, ko dai a mayar masa ko a ɗaga masa rana. Haka nan muna roƙo, cikin ladabi, iyakar ta hau kan kowa, domin dokar da ake ɗagawa idan ayarin babban mutum ya iso ba za ta daɗe talaka yana girmama ta ba.

Matanmu masu tuyar ƙosai da awara da masu sayar da zuma da rake a bakin hanya sun nuna damuwa cewa raguwar baƙi a ranakun biki za ta rage musu ciniki, kuma damuwarsu gaskiya ce. Mun tattauna da su, mun kuma fahimci cewa idan aka tsara rajista da kyau, wanda bai samu gurbi ranar Sallah ba zai zo mako mai zuwa, ciniki ya bazu a kan watanni maimakon kwana uku na rububi da wata uku na zaman jira. Amma muna roƙon a yi musu rumfuna a wajen ƙofa, a kuma fifita matasanmu wajen ɗaukar masu duba tikiti da masu raka baƙi da masu tsaftace bakin ruwa da masu ceto a wurin iyo. Sannan a duba yiwuwar ware wani abu daga kuɗin shiga domin rage wa manoman da giwaye suka yi wa ɓarna asara, a ƙarƙashin kwamitin da kai za ka shugabanta.

Muna roƙon Mai Girma Hakimi ya kira zama a fadarsa kafin shigowar hunturu, lokacin da baƙi ke fara yawa, wanda zai haɗa wakilanmu da mahukuntan gandun da jami'an ƙaramar hukuma, kuma kada a yanke adadi ko farashi sai an ji ta bakinmu. Mun zaɓi wakilai daga kowane ƙauye, maza da mata, suna nan a shirye duk ranar da ka neme su.

Allah Ya taimaki Hakimi, Ya ja zamaninsa.

Mu ne talakawanka masu biyayya, a madadin al'ummomin ƙauyukan da ke maƙwabtaka da Gandun Dajin Yankari: Masu Unguwanni, limamai da shugabannin coci, wakilan manoma da makiyaya, malaman makaranta, wakilan mata masu sana'a da na matasa. Sunayenmu da sa hannu da dangwalen yatsa suna cikin takardun da muka haɗa da wannan koke.