Wasiƙa daga tsibirin Elba

Zuwa ga aminina Malam Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Bari in ba ka labarin abin da na jawo wa kaina ranar Asabar. Abokan aikina suka ce mu tsallaka tsibirin Elba na ƙasar Italiya, na bi su. Daga Piombino muka shiga jirgin ruwa, cikin kamar awa ɗaya sai ga mu a Portoferraio. A tsibirin nan aka ajiye Napoleon, sarkin Faransa da aka tuɓe, a 1814, ya sulale a 1815.

Dutsen da muka nufa shi ne Monte Capanne, mita 1,019, babu wanda ya kai shi tsawo a tsibirin. A ƙauyen Marciana akwai wasu kwanduna na ƙarfe, rawaya, rataye a waya. Mutum biyu ke shiga a tsaye, su kai ka har ƙoli. Na ce Allah ya sawwaƙe, ni da na taso ina hawan Kufena? Da ƙafata zan hau.

Da farko abin gwanin daɗi, inuwa ko'ina, har muka wuce wata 'yar tsohuwar majami'a, San Cerbone. Can sama sai itatuwa suka ƙare, ya rage daga ni sai dutse tsura, ruwan toka, mai ƙyalli-ƙyalli in rana ta doke shi. Wallahi irin na Kufena ne sak, har kaushinsa a tafin hannu. Gwiwoyina suka fara rawa, ruwan gorata ya ƙare. Ina zaune ina haki wata tsohuwa mai sanda biyu ta zo ta wuce ni, ta ce "piano piano", wato a hankali. Kunya kamar in nutse.

Sai da na ci awa uku kafin in kai. Turakun sadarwa da aka kafa a ƙolin sun ɗan ɓata wurin, amma duk inda ka juya teku ne. Ga duwatsun tsibirin Kosika ta yamma, ga tsibirin Pianosa shimfiɗe kamar faifai. Nan na yi azahar, iska na neman ɗage min riga.

Saukowa kuwa, kwandon da na raina shi na shiga. Na ƙanƙame ƙarfe, ido rufe, ina ta salati har ƙasa. Don Allah kada su Bala su ji wannan.

Ka gaida mutanen gida duka. Sai na ji daga gare ka.

Naka,
Usman