Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hajiya Mai Atamfa Kan Sharaɗin "Ba A Mayar Da Kaya"

Assalamu alaikum Hajiya,

A zaman da muka yi da mata 'yan kasuwa a Birnin Kebbi kin tambaye ni a gaban jama'a cewa, tunda kin rubuta a WhatsApp ɗinki "kayan da aka biya ba a mayar da su", mai saye kuma ta gani ta turo kuɗi, ina laifinki idan ta dawo da ƙorafi? Lokaci ya ƙure kafin in ba ki amsa a tsanake, shi ya sa na rubuto.

Sharaɗinki yana da ƙarfi a wuri ɗaya, wato idan atamfar da ta isa hannunta ita ce ta cikin hoton, launi da yadi da inganci duk sun dace, sai dai kawai ta sake shawara. Amma idan ta biya kuɗin Holan aka aika mata kwaikwayo, ko ta warware turmi ta tarar da tabo, wannan rubutun ba zai kare ki ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa FCCPC, hukumar tarayya mai kula da haƙƙin masu saye, ta ba mai saye damar ƙin karɓar kayan da bai samu dubawa ba kafin a kawo masa, muddin sun saɓa wa abin da aka siffanta, kuma ta ba shi wata uku ya mayar da kaya masu aibi. Dokar ta kuma haramta sharaɗin da zai sa mutum ya sarayar da haƙƙin da ita kanta ta ba shi, don haka yardar da kike kafa hujja da ita ba ta canza komai.

Wannan ba baƙon hukunci ba ne a wurinmu. Malamanmu na Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya gaban mai saye bisa siffa, amma idan ya zo ya saɓa wa siffar, mai saye yana da zaɓi. Hoton da kike ɗorawa, wanda sau da yawa hasken waya kan ƙara masa kyau, shi ne siffar a yau.

Na san damuwarki gaskiya ce, domin akwai wadda za ta kai ɗinki, ta ci biki, sannan ta ce ba ta so. Maganin wannan shi ne ki ɗauki bidiyon turmin kafin ki ba direba a tasha, ki kuma rubuta tun farko cewa abin da aka yanka ba ya dawowa sai da aibi. Kuɗin motar dawo da kaya mai aibi daga Jega ko Yawuri kuwa, a wuyanki yake.

Wassalam,
Ɗan'uwanki lauya, Birnin Kebbi