Marmarar da ake haƙa ita ke riƙe da tuddan Kebbi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu fili mu yi bayani kan zaizayar ƙasa a yankin Gwandu da Birnin Kebbi.

Duwatsun Zuru masu tauri ne, sun daskare a can ƙarƙashin ƙasa tun shekaru ɗaruruwan miliyoyi, rana da ruwa kuwa a hankali suke ɓare su. Tuddan nan namu daban suke. Yashi da laka ne da ruwa ya jibge, sai marmara mai sinadarin ƙarfe ta rufe samansu. Da zarar an haƙe marmarar domin hanya ko gini, ruwan Agusta zai samu yashi mai laushi, ya yanka kwazazzabo. Kan kwazazzabon yana ci baya ne, yana hawa tudu, domin ruwan da ke faɗowa yana rarake gindinsa har baki ya rufta.

Zuba shara a ciki ba magani ba ne, illa ma ƙara ɓarna. A fara daga sama, a karkatar da ruwan. Sannan a jera shingen duwatsu da bai wuce mita 1 ba, tsakiyarsa ta fi gefe gajarta, a cusa gefunan cikin gaɓa. Wanda ya bar wannan, ruwa zai zagaye shingen ya tafi da shi. A shimfiɗa duwatsu a inda ruwa ke sauka, a dasa jema ko gamba a gaɓa farkon damina.

Muna roƙon hukuma ta tilasta wa masu haƙa su cike ramukansu.

Daga wasu masana ƙasa,
Birnin Kebbi