Sanarwa kan saukar da kaya ta torrent

Assalamu alaikum ƴan uwa masu sana'ar tura fina-finai na Sabon Gari, Samaru da Tudun Wada.

Kwanan nan ana yawan jefo adireshin torrent a rukunin nan, shi ya sa muka ga ya dace mu ja hankali. Manhajojin torrent irin su uTorrent da BitTorrent ba daga rumbu ɗaya suke ɗauko maka fim ba, gutsure-gutsure suke tattarowa daga kwamfutocin mutanen da ba ka sani ba. Kana saukewa, kai ma kana loda wa wasu, datarka na ƙonewa, kuma duk wanda ke kan fayil ɗin yana ganin lambar IP ɗinka, wato adireshinka a intanet.

Inda abin ya fi muni shi ne manhajojin da aka fasa, irin su Photoshop ko Windows na banza. Ta wannan hanyar cutar STOP/Djvu ta yaɗu sosai: takan kulle fayilolin da aka ajiye a kwamfuta, sannan a nemi kuɗin fansa. Ga mai shago kuwa, tarin shekaru ne ya salwanta rana ɗaya. Wasu cututtukan kuma filash suke bi su shiga kwamfutocin kwastomomi, sunan shagonka ya ɓaci.

Sunan fayil ɗin fim ba ya ƙarewa da .exe, in kun ga haka ku goge. Manhajar da ta ce sai an kashe antibayros kafin ta shiga, kada a yarda. A ajiye kwafin kaya a wani hadis (hard disk) daban da ba a jone yake kullum ba, kuma don Allah a daina buɗe asusun banki a kwamfutar shago.

Daga yau duk adireshin manhajar da aka fasa, admin zai cire shi. Allah ya tsare mana sana'a.