Baffana ya sayar da takin da aka bayar don gonarmu

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Daga wani ƙauye kusa da Managil nake rubuto maka, a Jazira ta ƙasar Sudan. Yau kwana huɗu rabona da barcin kirki.

Ranar Juma'a na ga buhunan takin yuriya jibge a rumfar wani ɗan kasuwa, da bakinsa ya ce min a wurin Baffa ya saya. Takin hawasharmu ne, Malam, wato gonarmu ta cikin shirin noman ban-ruwa na Jazira, wanda gwamnati ta bayar da rangwame don alkamar bana. Ni kuwa tun da na yi shuka a Nuwamba Baffa yake ce min ba a raba ba tukuna. Ga alkama ta fara yin ruwan ɗorawa, ina kallonta kamar yaron da aka yaye da wuri.

Bari in koma baya. A nan komai da sunan da ke cikin littafi ake yi. Iri, taki, man tarakta, har bashin salam, wanda banki ke ba ka kuɗi yanzu ka biya da hatsi bayan girbi, duk mai sunan ne zai sa hannu ya karɓa. Hausawa da yawa a nan ko hawashar ba su da ita, sai zaman kambo, wato sansanin 'yan ƙwadago, da aikin lada ko noman raba-daidai. Kakanmu da ƙyar ya samu tasa. Da ya rasu aka rubuta sunan Baffa don shi ne babba, mahaifina bai ce uffan ba har ya koma ga Allah. Shekara tara ni ke kwana bakin Abu Ishirin, magudanar da ke kawo ruwa gonaki, ina tsaron ruwa. Baffa rabonsa da shiga taɓo tun ina yaro, sai shan shayi da zuwa ofis da babbar riga.

A 2022, da aka yanka wa buhun alkama fam 43,000, muka tara buhuna muna jira ba a zo an saya ba, tumakin Inna na sayar na biya mai injin girbi. Ko sisi Baffa bai bayar ba.

To, a ranar Juma'ar nan bayan la'asar na tare shi a ƙofar masallaci na ce masa yana cin haƙƙin maraya. Na san a gaban jama'a ne, amma sau uku ina zuwa gidansa ana ce min ba ya nan. Ya ce bashin bara yana wuyansa, in ba a biya ba shi za a kulle, ba ni ba. Wane bashi? Bai taɓa nuna min takarda ba.

Ban ma faɗa maka ba, matata 'yarsa ce. A daren ya aiko aka tafi da ita da jaririnmu ɗan wata biyar.

Abokina ya ce in kai ƙara wurin mufattish, jami'in da ke duba gonakin, Inna kuma tana kuka wai zan tona asirin gida, ƙila ma a ƙwace hawashar gaba ɗaya. In na yi shiru, badi ma haka zai yi. Malam, in na je biko sai na ba shi haƙuri ke nan alhali ni aka zalunta? Kuma wa zan tura masa, tun da limamin ma abokinsa ne? Yaron bai da lafiya ranar da suka tafi.

Naka, wani manomi daga Managil.