Barka da Sallah daga Pittsburgh, da labarin katangar Forbes

Pittsburgh, Amurka
Talata, 15 ga Oktoba 2013

Zuwa ga Baba da Inna da dukan mutanen gida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina yi muku barka da Sallah. Allah ya karɓi layyarku da tamu, ya dawo da alhazanmu gida lafiya, ya maimaita mana. Nan lafiya ƙalau muke, sai sanyi da ya fara shigowa, ganyen itatuwa ya koma ja da rawaya yana ta zuba. An sauko idi da safe, amma da yake ba a ba da hutu a nan, yawancin jama'a daga masallaci wurin aiki suka zarce. Yanka kuwa ba a yin sa a ƙofar gida. Mutum yakan kama ragonsa tun da wuri a wata gona ko mahauta a bayan gari, ya je a yanka, a feɗe, a sassara masa ya ɗauko.

Auta ya tambaya me harafin P ɗin da ke jikin baƙar hular da na aiko masa cikin kayan Sallah yake nufi. Alamar Pirates ce, ƙungiyar wasan besbol ta wannan gari. Tambayar ta zo a kan gaɓa, domin shekaranjiya Lahadi, 13 ga wata, mutanen garin suka yi taron da suke yi kowace shekara a gindin katangar tsohon filin wasansu, Forbes, don tuna bugu ɗaya tak da wani ɗan wasa ya yi a 1960. Baba, kwana 12 ke nan bayan Najeriya ta karɓi mulkin kai.

Auta, sai ka san tsarin wasan kafin labarin ya yi maka daɗi. Kowane ɓangare mutum tara ne. Filin yana da zango huɗu a kusurwa huɗu, tsakanin kowane biyu ƙafa 90, wato mita 27 da ɗoriya: zango na farko, na biyu, na uku, sai gida, inda mai bugu yake tsayawa da kulkinsa. Mai jifa yana kan ɗan tudu a tsakiya, ƙafa 60 da inci 6 daga gida. Ƙwallon ƙarama ce mai tauri, nauyinta kamar giram 145, kuma idan gwani ya jefo ta ba ta cika rabin daƙiƙa kafin ta iso. Idan mai bugu ya same ta sai ya yar da kulki ya ruga zango na farko. Maki ba ya samuwa sai mutum ya taka zangon nan uku ya dawo gida. Ana fitar da shi idan aka cafe ƙwallon a sama kafin ta taɓa ƙasa, ko ta riga shi isa zangon da dole ya je, ko aka taɓa shi da ita yana tsakanin zango da zango, ko jifa uku masu kyau suka wuce shi. Mai jifa kuma idan ya kauce wa ƙa'ida sau huɗu, mai bugu ya tafi zango na farko kyauta. An fitar da mutum uku, sai a yi musaya, masu bugu su koma tsaron fili. Kowane ɓangare ya yi bugu sau ɗaya, an yi turmi ɗaya ke nan, kamar a dambe, kuma turmi tara ake yi. Babu agogo, babu canjaras. Babban bugu shi ne wanda ƙwallon ta tsallake katangar bayan fili: mai bugu da duk wanda ke tsaye a zango sai su zagayo gida babu mai tare su. Masu masaukin baƙi su ke yin bugun ƙarshe a kowane turmi, saboda haka idan suka shiga gaba a turmi na tara, nan take wasa ya ƙare.

Gasar ƙarshen shekara, World Series, wasa bakwai ce, wanda ya fara cin huɗu ya ɗauki kofi. A 1960 Pirates suka haɗu da Yankees na New York, masu Mickey Mantle da Roger Maris da Yogi Berra, kuma rabon Pittsburgh da kofi tun 1925. Duk wasan da Yankees suka ci, kaca-kaca suka yi wa Pirates: 16 da 3, 10 da nema, 12 da nema. Su kuwa Pirates da ƙyar suke sha: 6 da 4, 3 da 2, 5 da 2. In aka tara makin wasa bakwai ɗin, Yankees na da 55, Pirates 27, amma ba da tarin maki ake ɗaukar kofi ba. Masana har yau suna ɗora laifi kan kocin Yankees, Casey Stengel, domin bai fara gasar da gwanin jifarsa Whitey Ford ba. Mai jifa yana buƙatar hutun kwana uku ko huɗu kafin hannunsa ya dawo. Da an sa Ford a wasan farko, da zai samu na huɗu da na bakwai. Aka ajiye shi sai wasa na uku da na shida, ya hana Pirates ko maki ɗaya a duka biyun, amma ranar da aka fi buƙatarsa hannunsa a gajiye yake.

Wasa na bakwai ranar Alhamis aka yi shi a filin Forbes, gaban mutum 36,683. Pirates suka fara da 4 da nema. Yankees suka farfaɗo, Berra ya tsallakar da ƙwallo da mutum biyu a zango a turmi na shida, ya koma 5 da 4, kafin Pirates su karɓi kulki a turmi na takwas ya zama 7 da 4.

Wannan turmi na takwas shi ne zuciyar wasan, kuma ƙananan kurakurai ne suka juya shi. Gino Cimoli yana zango na farko, Bill Virdon ya buga ƙwallo ta ƙasa, ta nufi Tony Kubek, mai tsaron tsakanin zango na biyu da na uku. Irin wannan ƙwallo ita masu tsaro suke addu'ar samu, domin da ita ake fitar da mutum biyu a tashi ɗaya: a jefa zango na biyu, daga can a jefa na farko. To ƙasar filin Forbes ta yi suna wajen tauri. Ƙwallon ta yi tsalle ba zato ta daki Kubek a maƙogwaro, ya faɗi, aka wuce da shi asibiti. Maimakon mutum biyu a waje da zango fayau, sai ga mutum biyu a zango ba a fitar da kowa ba. Dick Groat ya kawo maki ɗaya. Aka canja mai jifa, Jim Coates ya shigo ya fitar da biyu, saura ɗaya a tsira. Roberto Clemente ya buga wata mai rauni wajen zango na farko, mai tsaron wurin ya bar zangonsa ya je ɗaukowa. Ƙa'idar da ake koya wa yara ita ce, duk ƙwallon da ta bi wannan gefe, mai jifa ya ruga ya taka zangon ya karɓa. Coates bai isa ba, Clemente ya tsira, wani makin ya shiga, 7 da 6. Sai Hal Smith ya zo ya tsallakar da ita katangar hagu da mutum biyu a zango. Pirates 9, Yankees 7.

A ganina Hal Smith shi ne wanda tarihi ya fi tauye wa haƙƙi. Da abokansa sun riƙe wannan rata a turmi na tara, da sunansa ake kira a bakin katangar nan. Ba su riƙe ba. Yankees suka ci ɗaya, ya zama 9 da 8, an fitar da mutum ɗaya, Mantle yana zango na farko, Gil McDougald yana na uku. Berra ya buga ta ƙasa da ƙarfi, Rocky Nelson ya tare ya taka zango na farko, an fitar da biyu ke nan. Ga inda wayo ya shigo. Da zarar an fitar da mai bugu, ba dole ba ne Mantle ya tafi zango na biyu, kuma ba a fitar da shi sai an taɓa jikinsa da ƙwallo. Nan take ya gane haka, ya yi sufa ya koma zangon da ya baro, ya zille wa hannun Nelson. Kafin a ankara McDougald ya taka gida, 9 da 9.

Wanda zai fara bugu wa Pirates a ƙarshen turmi na tara shi ne Bill Mazeroski, ɗan shekara 24, mai tsaron zango na biyu. Da tsaro aka san shi, har ya karɓi lambar safar zinare, wadda ake ba gwanayen tsaron fili, sau takwas a rayuwar wasansa. A kakar 1960 gaba ɗaya sau 11 kawai ya tsallakar da ƙwallo. Mai jifa Ralph Terry ne, wanda tun farkon wasan ake ta sa shi ɗumama hannu a gefe ana fasa shigo da shi, abin da ke cinye ƙarfin hannu a banza. Jifarsa ta farko ta yi sama. Mai cafe masa, Johnny Blanchard, ya taka har tudu ya gargaɗe shi ya riƙa saukar da ita ƙasa. Dalili kuwa, ƙwallon da ta zo wajen gwiwa yawanci samanta kulki yake duka, sai ta gangara a ƙasa, amma wadda ta zo wajen ƙirji kulki yakan shiga ƙarƙashinta ya ɗaga ta. Jifa ta biyu ba ta sauka yadda ake so ba. Mazeroski ya ɗauke ta, ta bi ta kan Berra da ke tsaron bayan fili ta hagu, ta haye katangar bulo ta hagu kusa da inda aka rubuta ƙafa 406, kimanin mita 124. Ƙarfe 3:36 na yamma. Pirates 10, Yankees 9. Ya zagaya yana tsalle yana kaɗa hularsa, jama'a suka ɓalle cikin fili suna bin sa har gida.

Daga ranar zuwa yau ba a sake gama wasa na bakwai na World Series da irin wannan bugu ba. Joe Carter na Toronto ya yi makamancinsa a 1993, amma a wasa na shida. Wani abin mamaki, a wasan nan kaf ba a fitar da ko mutum ɗaya da jifa uku ba. Lambar gwarzon gasar kuma Bobby Richardson na Yankees aka ba, ɗan ɓangaren da aka kayar. Stengel, mai shekara 70, an sallame shi bayan 'yan kwanaki. Terry kuwa Allah ya wanke shi a 1962, ya jefa wasa na bakwai da Giants na San Francisco aka tashi 1 da nema, ya zama gwarzon gasar.

Filin Forbes, wanda aka buɗe a 1909, an daina wasa a cikinsa a 1970, aka rushe, Jami'ar Pittsburgh ta yi gine-gine a wurin. An bar wani yanki na katangar a tsaye a unguwar Oakland, da lambobin 457 da 436 a jikinta, wato nisan ƙafa daga gida. Farantin da ke nuna gida kuma yana ƙarƙashin gilashi a daɓen wani ginin jami'ar mai suna Posvar. A 1985 wani mutum ya zo shi kaɗai da rikodarsa ranar 13 ga Oktoba, ya zauna a gindin katangar ya saurari kaset ɗin sharhin rediyo na wasan. Daga nan abin ya yaɗu. Yanzu mutane sukan zo da kujerun naɗewa da abincinsu, tsofaffi da jikokinsu, cikin baƙi da ruwan zinare, launin ƙungiyar. Ana kunna sharhin a lasifika wajen ƙarfe ɗaya na rana, lokacin da aka fara ainihin wasan, domin bugun ya faɗo daidai 3:36.

Abin da ya fi burge ni, ba sa tsallakawa zuwa ƙarshe. Sa'a biyu da minti 36 ɗin nan duka suke saurara. Berra ya tsallakar, a yi tsaki. Aka zo kan Kubek, wuri ya yi tsit. Hal Smith ya buga, a miƙe tsaye ana tafi, ya samu rabonsa na yabo. Kowa ya san yadda za ta ƙare, amma Mantle na yin sufa za ka ji ana salati irin nasu. Har kuren mai sharhin, Chuck Thompson, sun haddace: cikin ruɗewa ya ce Art Ditmar ne ya yi jifar, alhali Terry ne, sannan ya fara cewa an tashi 10 da nema.

Da rediyo aka saba domin shekara da shekaru an ɗauka hoton talabijin na wasan ya ɓace, gidajen talabijin na lokacin ba sa adana irin wannan. Ashe mawaƙin nan Bing Crosby, wanda yake da hannun jari a Pirates, ya ji tsoron kada kallonsa ya jawo musu rashin sa'a, ya tafi Faris ya saurara a rediyo, ya sa aka ɗaukar masa wasan a fim. A ƙarshen 2009 aka tsinci faifan a ɗakin ajiya na ƙarƙashin gidansa, aka nuna wa duniya a 2010. A shekarar ce kuma aka kafa mutum-mutumin Mazeroski a bakin sabon filinsu, PNC Park, yana gudu da hula a hannu.

Taron bana ya zo da wani ɗanɗano dabam. Shekara 20 a jere, daga 1993 zuwa 2012, Pirates ba su gama kaka ɗaya da nasara ta fi faɗuwa yawa ba. Bana suka ci 94 cikin wasa 162, suka shiga zagayen neman kofi, suka doke Cincinnati 6 da 2 ranar 1 ga Oktoba, kafin St. Louis ta fitar da su a wasa na biyar makon jiya. Saboda haka Auta, ka sa hularka da ƙwarin gwiwa.

Inna, don Allah a ajiye mini kason soyayyen nama a cikin mai, akwai mai zuwa nan a watan gobe. A gaishe da Kaka, da Gwaggo da yaranta, da Kawu, da Yaya da maigidanta, da Liman da sauran maƙwabta. Baba, a ci gaba da sa mu a addu'a.

Wassalam,
Ɗanku